Awon Ciki da Na'ura Ba Leƙen Gaibu Ba Ne

Akwai magidanta masu hana matansu awon ekogarafi, wai shiga ne cikin abin da Allah Ya keɓe wa Kansa saninsa a ƙarshen Suratu Luƙman. Wannan fahimta ba daidai ba ce.

Na'urar nan sauti take aikawa cikin mahaifa, siririn sautin da kunne ba ya ji. In ya bugi jikin ɗan tayi sai ya dawo, kamar amsa-kuwwa a rijiya, na'ura ta mai da shi hoto. Ba ta da haske irin na hoton ƙashi. Abin da aka riga aka halitta take nunawa. Arzikinsa da ajalinsa da makomarsa kuwa suna wurin Mahalicci.

Tun wajen mako na 7 ana ganin bugun zuciya, a san kwanakin cikin, a san ɗaya ne ko tagwaye. Mafi girma, wani cikin yakan zauna a bututun ƙwai, bai kai mahaifa ba. In ba a gano shi ba bututun yana iya fashewa, jini ya zuba ta ciki, mace ta halaka ana cewa ciwon mara ne. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarta awon sau ɗaya kafin mako na 24.

Kiyaye rai wajibi ne, kuma kuɗin awon yana cikin ɗawainiyar miji. A nemi likita mace. In babu, lalura ta halatta namiji. Wallahu a'alam.