Burin Sabuwar Shekara: Ɗauki Kayan da Wuyanka Zai Iya



Duk lokacin da aka dawo hutu a watan Janairu, za ka ji alƙawura na tashi a aji. Wannan ya ce bana zai riƙa karatun awa huɗu kullum, wancan ta ce ba za ta sake faɗuwa lissafi ba. Kafin hunturu ya wuce, mafi yawanmu mun watsar. Sau da yawa matsalar ita ce kayan sun fi ƙarfin mai ɗauka.

Mu a nan Mada mun san shekara ba ta tafiya yadda aka tsara ta. A watan Maris na 2020 annobar korona ta sa aka rufe makarantun Najeriya. A watan Satumba na 2021 kuma gwamnatin Zamfara ta rufe makarantun jihar saboda matsalar tsaro. Ban da waɗannan, akwai zazzaɓi, da aikin gona, da ɗiban ruwa, da ranar kasuwa. Burin da bai bar wa irin waɗannan ranaku gurbi ba, da wuri yake karyewa.

Ga matakai huɗu:

1. Zaɓi buri biyu kacal. Misali, ɗaya na boko, ɗaya na islamiyya ko na gyaran hali.

2. Mayar da burin ƙaramin aiki mai ƙirguwa. "Zan iya Turanci" fata ne kawai. "Zan koyi sababbin kalmomi 3 kowace ranar makaranta" shi ne aiki. Kalma 3 a kwana 5 sun zama 15 a mako. A mako 12 kana da kalma 180. Haka nan shafi 2 a rana, cikin kwana 300, shafi 600 ke nan.

3. Yi wa burinka ma'auni biyu: na ranar sauƙi da na ranar wuya. Ran da kake da sarari, warware tambayoyin lissafi 5. Ran da aka aike ka Gusau ko ka dawo daga gona a gajiye, warware 1 tak. Ɗaya ɗin nan ita ke hana igiyar tsinkewa. Hadisin Nana A'isha (RA) ma ya koyar da mu cewa aikin da aka dawwama a kansa ya fi soyuwa ga Allah, ko da kaɗan ne.

4. Duba burinka a ƙarshen kowane wata. In ya yi nauyi, rage. In ya yi sauƙi, ƙara. Nemi aboki ko malami ɗaya ya riƙa tambayarka inda ka kwana.

To in ka yi fashin mako guda fa? Dubi manomi. Idan ya shuka gero, ruwa ya ɗauke, shukar ta ƙone, ba ya barin gonar sai baɗi. Ruwa na dawowa yake sake shuka. Kai ma ci gaba daga inda ka tsaya, kada ka tsaya zargin kanka.

'Yan aji shida masu shirin WAEC da NECO, wannan darasi ya fi shafarku. Karatun dare ɗaya ana gobe jarrabawa ba ya maye gurbin na wata huɗu.

Aikin wannan mako: rubuta burinka biyu a bangon littafinka, kowanne da ma'auninsa biyu. Sannu ba ta hana zuwa.

Allah Ya ba mu zaman lafiya da ilimi mai amfani, amin.

Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Makaranta