Nuna Saurin Manhajar Lissafi a Fim ɗin Talla

Sauri abu ne mai wuyar kamawa a hoto. Idan aka canza adadi ɗaya a jadawalin lissafi na kwamfuta, manhajar takan sake lissafa duk gurbin da ya dogara da shi, kuma ido ba ya ganin wannan aiki. Amma da sauri ake cin kasuwa. Yana cikin dalilan da suka sa Lotus 1-2-3 ta 1983 ta ture VisiCalc ta 1979. Haka kuma Excel 2007 ta zo da dabarar raba lissafi tsakanin ƙwaƙwalen kwamfuta da dama a lokaci guda.

Saboda haka mai shirya fim ɗin talla yakan jera tsohuwar manhaja da sabuwa gefe da gefe. Sharuɗɗan gaskiya uku ne: kwamfuta iri ɗaya, jadawali iri ɗaya, da agogo a fili ba tare da yanke hoto ba. Da zarar an yanke, gwaji ya zama siddabaru, kuma akawun da ya saya bisa wannan shaida shi zai kwana a ofis yana jiran sakamako.