Ba Kowane Zazzaɓi Ne Maleriya Ba

Da damina ta kankama a Kahu da sauran ƙauyukan Kibiya da Rano, maganar da muka fi ji a ɗakin gwaji ita ce: "Malam, maleriya ce, a yi min allura kawai." Galibi mai maganar ya riga ya biya ta kemis, ya sha magani kala biyu ko uku.

Gwajin RDT ɗigon jini ɗaya yake buƙata daga yatsa, cikin minti 15 zuwa 20 sakamako ya fito. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a gwada kafin a ba da magani. In layi biyu ya fito, wato akwai maleriya, kowa ya gamsu. Rigimar tana farawa ne in layi ɗaya ya fito, wato gwajin bai ga maleriya ba: uwa ta ɓata rai, ta ce ɗan abin nan bai san aikinsa ba, ga yaro jiki kamar garwashi. Ina fahimtarta. Amma ciwon huhu, ciwon kunne, ƙyanda da sanƙarau duk suna zuwa da zazzaɓi, kuma maganin maleriya ba ya taɓa ko ɗaya daga cikinsu.

Gwajin ma yana da nasa gejin. Sinadarin ƙwayar cutar da yake ganowa kan yi makonni a jini bayan an warke. Shi ya sa muke tambaya ko an sha magani kwanan nan. Ku gaya mana gaskiya, ba faɗa za mu yi ba.

Manya za su tuna kulorokwin da ƙaiƙayinsa. A 2005 Najeriya ta ajiye shi ta koma ACT, saboda ƙwayar cutar ta daina jin sa. Tushen ACT daga ganye aka samo shi a ƙasar Sin, binciken da ya ba Tu Youyou kyautar Nobel a 2015. Yanzu a Ruwanda da Uganda an fara ganin ƙwayar tana yi masa turjiya. Coartem, wanda ACT ne, sau shida ake shan sa a kwana uku, da abinci mai maiƙo ko nono. Mu kuwa yaro na tashi wasa rana ta biyu sai a adana wa ƙanensa sauran.

In yaro yana shiɗewa, ko yana aman duk abin da ya sha, ko ya kasa kama nono, kada a tsaya kemis. A nemi mashin a wuce asibiti a daren.