Rashin Haihuwa: Maigida, Kai Ma Ka Je A Auna Ka

A gidajenmu na Birnin Kudu da Gwaram, da zarar amarya ta shekara biyu ba ciki sai a fara ƙus-ƙus. A gidan suna a yi mata habaici, uwar miji ta fara yi wa ɗanta cigiyar budurwa, wata ma ta kira ta juya a gaban idonta. Shi kuwa maigida ba mai ce masa uffan. Wannan zalunci ne. Cikin ma'auratan da ake bincika, kusan rabi akan tarar namiji yana da hannu a matsalar, ko shi kaɗai ko tare da matar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2023 cewa kusan mutum 1 cikin 6 na gamuwa da wannan lalura a rayuwarsa.

A likitance, sai an shekara ana tare, ana saduwa a kai a kai ba tare da tsarin iyali ba, sannan ake cewa akwai matsala. In matar ta haura shekara 35, wata 6 ya isa a nemi likita. A lura da sharaɗin zama tare. Magidancin da ke ci-rani a Legas ko Fatakwal, ba ya zuwa gida sai da salla, bai kamata ya ƙirga wa matarsa shekaru ba.

Shawarata ita ce a tafi asibiti tare, kuma a fara da miji. Gwajin maniyyi ya fi kusan duk gwaje-gwajen mace sauƙi da araha: a ƙaurace wa iyali kwana 2 zuwa 7, a ba da samfur, shi ke nan. In sakamakon bai yi kyau ba akan maimaita bayan kamar wata 3. Ƙarfin mazakuta ba shaidar haihuwa ba ne, haihuwa a auren baya ma ba tabbaci ba ce. Ciwon sanyin da ba a yi maganinsa da kyau ba, hangum bayan balaga, tsargiya, har allurar ƙarin ƙarfi da wasu ke yi a kemis, duk suna iya rage ƙwayoyin haihuwa. Ita kuma mace a duba ko tana fitar da ƙwai, a yi hoton bututun mahaifa, don yakan toshe bayan ɓari ko haihuwar da ƙwayar cuta ta shiga. Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu tana da sashen mata da haihuwa. Abin da ya fi ƙarfinsu su tura ku Asibitin Koyarwa na Aminu Kano.

Addu'a a dage da ita, ba ta hana zuwa asibiti. Amma matsin da ake saye wajen masu lasifika ran kasuwa, da yankan gishiri, a guje su. Na farko yakan ƙona gaban mace, na biyu yana cikin abubuwan da ke jawo yoyon fitsari, irin wanda ake yi wa aiki a asibitin Jahun.

Sai maganar amana. In sakamako ya nuna matsalar daga miji take, bai halatta ya ɓoye ba, ya bar matarsa tana shan jiƙo da gori, ko ya ƙaro aure don ya rufe bakin mutane. Ita ma tana da haƙƙin son ɗa, da haƙƙin ta san gaskiya ta zaɓa wa kanta: zama ko rabuwa cikin mutunci. Ke kuma, 'yar'uwa, sirrinsa ba na gidan biki ba ne.

Masu tambaya kan dashen ƙwai, wato IVF, wanda aka fara haihuwa ta hanyarsa a Ingila a 1978: Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Amman a 1986, ta halatta shi idan akwai buƙata, matuƙar maniyyin na miji ne, ƙwan na matarsa ne, kuma a mahaifarta za a dasa. Aron maniyyi, aron ƙwai da hayar mahaifa duk ta haramta su. Kuɗinsa miliyoyi ne, kuma sau da yawa ba ya kamawa a karon farko, don haka kada a sayar da gonar gado a kan alkawarin baki. Ku tambayi likita ƙwai nawa zai dasa, me za a yi da ragowar, kuma a rubuta muku amsa.

Wanda Allah bai ba haihuwa ba, riƙo al'adarmu ce, yaro yana amsa sunan mahaifinsa yana samun gatan gida biyu. Uwar Muminai Nana A'isha ba ta haihu ba, darajarta ba ta ragu ba.

Hajiya, kafin ki nema wa ɗanki wata, ki fara ce masa ya kai kansa asibiti.