Ɗalibi, ka tantance abin da ChatGPT ta ba ka

Tun da kamfanin OpenAI ya fito da manhajar ChatGPT a Nuwamban 2022, ɗalibai da yawa suka mai da ita abokiyar karatu. Ban ce ka guje ta ba. Idan darasi ya shige maka duhu, sa ta warware maka shi dalla-dalla, ko ta yi maka tambayoyin gwaji kafin jarrabawa.

Inda nake jiye maka tsoro shi ne manazarta. Manhajar hasashen kalmar da za ta biyo baya take yi, shi ya sa takan ƙaga sunan marubuci da taken maƙala da shekara, har da lambar shafi, alhali babu maƙalar sam. Duk madogarar da ta ba ka, nemo ta a Google Scholar ko ɗakin karatu, ka buɗe shafin ka gani da idonka. Wadda ba ka samu ba, goge ta.

Ranar kare kundin digiri, malami zai ɗora yatsa kan sakin layi ya ce yi bayani, ga shi babu waya a hannunka. Don Allah, tun farkon zango ka tambayi malaminka iyakar abin da ya yarda ka yi da manhajar.