Awon Damtse Gida-Gida: Ina Za a Kai Wane Yaro?

Ke da kike aikin sa-kai kina shiga gida-gida da igiyar awon damtse, ganin launi somin-taɓi ne. Ainihin aikin shi ne ki san inda za a kai kowane yaro, ki kuma tabbatar ya isa can.

Awon na yara ne daga wata 6 zuwa wata 59. Ki nemi tsakiyar damtsen hagu, tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu, ki bar hannun a sake, ki zagaya igiyar ba matsewa, ba sako-sako. Daga nan ki danna saman ƙafafun yaron biyu da manyan yatsunki har ki ƙirga uku. In gurbin yatsa ya zauna a duka biyun, kumburin tamowa ne, ko da igiya ta nuna kore.

Kore, wato santimita 12.5 zuwa sama, a ci gaba da shayarwa da ciyarwa, ki sake awo a zagaye na gaba.

Rawaya, daga 11.5 zuwa ƙasa da 12.5, tamowa ce matsakaiciya. A kai shi asibitin unguwa, a ƙara masa abinci mai gina jiki, kamar kunun gero da gyaɗa da waken suya. Kada a yi sake da wannan rukuni, domin gudawar kwana kaɗan ko ƙyanda na iya jefa yaro cikin ja.

Ja, ƙasa da 11.5, ko kumburi, tamowa ce mai tsanani, kuma a ranar za a tafi. A asibiti za a gwada shi da abincin gyaɗar nan na leda. In ya ci, kuma ba wata cuta mai tsanani, a gida za a yi jinya, uwa tana zuwa awo da karɓar abincin a ranar da aka sa mata. In ya ƙi ci, ko yana amai da komai, ko jijjiga, ko numfashi da sauri, ko ya galabaita, ko kumburi ya kai fuska, sai kwanciya, inda ake farawa da madarar F-75. Jaririn da bai kai wata 6 ba, in ya rame ko ya kasa kama nono, a miƙa shi asibiti kai-tsaye.

Bayan turawa, ki koma gidan. Ki tambayi uwa: "Maman yaro, kun samu zuwa?" In ba ta je ba, ki gano dalili, kuɗin mota ne ko izinin maigida, ki nemi taimakon mai unguwa in ta kama. Ki nuna mata cewa abincin ledar nan magani ne, ba a raba wa yayyensa, ba a sayarwa, ba a kuma dainawa sai an sallame shi.

A Mirriya ta jihar Damagaram, ƙungiyar ALIMA ta koya wa iyaye mata awon da kansu, kuma sun iya. In kina da igiya fiye da ɗaya, ki koya wa uwa ki bar mata, domin ita ce ke tare da yaron kullum.