Ilmin Falsafa: Amfaninsa da Iyakarsa

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah da ya girmama ɗan Adam da hankali, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa (SAW).

Bayan haka, ya ƴan uwa Musulmi, ƴaƴanmu da suka kai ajin ƙarshe na lise suna karanta falsafa, ana kuma yi musu jarrabawa a kanta a bakaloriya. Wasu iyaye na jin tsoron ta ɓata musu aƙida, wasu matasan kuma na ɗaukar ta hujjar raina malamai. Ya kamata mu san abin kafin mu yanke masa hukunci.

Ma'anarta. Asalin kalmar ta Girkanci ce, ma'anarta son hikima. Fanni ne na bincike da hankali kan tambayoyin tushe: mene ne gaskiya, ta yaya ake sanin ta, mene ne adalci. Ta shigo wa Musulmi ta hanyar fassara a Bagadaza zamanin Abbasiyawa, musamman lokacin Halifa Ma'amun (813 zuwa 833). Daga nan aka samu Alkindi, da Alfarabi (ya rasu 950), da Ibn Sina (ya rasu 1037).

Yadda malamai suka tace ta. Imamu Gazali (ya rasu 1111) bai yi raddi ba sai da ya karanci fannin ya gane shi. Ya kasa ilmomin masu falsafa gida shida: lissafi, manɗiƙ, ilmin halittu, ilahiyyat, siyasa da ɗabi'u. Ya nuna lissafi da manɗiƙ ba su yi karo da addini ba, mafi yawan kuskuren yana cikin ilahiyyat. A littafinsa Tahafutul Falasifa ya kawo mas'aloli 20, ya kafirta su a uku: cewa duniya ba ta da farko, cewa Allah ya san abubuwa a dunƙule ban da ɗaiɗaikunsu, da musun tashin jikuna ranar ƙiyama.

Ya kuma yi gargaɗi kan hatsari biyu. Na farko, ɗalibi ya ga ƙwarewarsu a lissafi sai ya bi su ido rufe har cikin aƙida. Na biyu, mai kishin addini marar sani ya ƙaryata abin da hujja ta tabbatar, kamar lissafin husufin rana da wata, sai mai ilmi ya zaci Musulunci kan jahilci aka gina shi. Dukkan biyun suna nan tare da mu.

Ibn Rushdi (ya rasu 1198), alƙalin Ƙurɗuba, Bamalike mai Bidayatul Mujtahid, ya mayar wa Gazali martani da Tahafutut Tahafut. A Faslul Maƙal ya kafa hujja cewa shari'a da kanta ta yi umurni da nazarin halitta, kuma gaskiya ba ta kishiyantar gaskiya.

A zaurukanmu. Manɗiƙ ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Shehu Almagili, wanda ya ratsa Takedda da Kano da Gawo, ya kare shi a musayarsa da Imamu Suyuɗi mai haramta shi. Ummul Barahin ta Sanusi (ya rasu 1490) ta fara ne da hukunce-hukuncen hankali uku: wajibi, mustahili da ja'izi. Mai littafin Ahalari da muke koya wa yara, shi ne mai Sullam kan manɗiƙ. A ciki ya ambaci cewa Ibn Salah da Nawawi sun haramta shi, amma ya rinjayar da halacci ga mai kaifin basira da ya goge da Alƙur'ani da Sunna.

Darasi. Amfanin falsafa shi ne ta koya wa ɗalibi rarrabe hujja da da'awa, da gano inda magana ta warware kanta. Iyakarta kuwa, hankali shi kaɗai ba ya kaiwa ga gaibu, sai da wahayi. Saboda haka uba ya fara gina wa ɗansa tauhidi tun kafin ya shiga wannan aji. In yaro ya zo da tambaya mai nauyi, kada a kore shi da tsawa, a kai shi gun malamin da ya san fannonin biyu. Tambayar da aka hana a gida, a waje za a nemo amsarta.

Allah ya ƙara mana ilmi mai amfani, ya tabbatar da mu kan gaskiya. Amin.